Hukuncin Ɓoye wa Majinyaci Sakamakon Hoton Ƙwaƙwalwarsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mahaifinmu ya jima yana fama da ciwon kai, daga baya hannunsa na dama ya fara sanyi, maganarsa tana sarƙewa. Likitan ƙwaƙwalwa ya sa aka yi masa hoton MRI, wato hoton da na'ura ke ɗauka na cikin jiki, sannan ya kira ni gefe ya ce akwai ƙari a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, kuma sai an yi tiyata an ɗebo wani yanki an gwada kafin a san irinsa. Yayyena sun ce a gaya wa Baba hawan jini ne, ni kuma in sa hannu a madadinsa. Hankalinsa garau yake, kullum yana tambayata abin da hoton ya nuna. Shin ya halatta mu ɓoye masa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba mahaifinku lafiya, ya saka muku da alheri a kan jinyarsa. Na san tausayi ne ya sa 'yan'uwanka suka kawo wannan shawara, sai dai a halin da ka bayyana bai halatta ku yi masa ƙarya ba, kuma bai halatta ka sa hannu a yi masa tiyata bai sani ba.

Jikin mutum amana ne a hannunsa, kuma muddin baligi ne mai hankali, babu wanda yake da walicci a kansa, ko ɗansa ne. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar da wannan a zamanta na Jidda a 1992, inda ta shardanta izinin majinyaci kafin a yi masa magani idan hankalinsa cikakke ne, ta keɓe halin gaggawa da rai yake cikin haɗari. Izinin da aka gina a kan labarin hawan jini kuwa ba izini ba ne, domin mutum ba ya yarda da abin da bai sani ba. Sakamakon gwajin ma sirrinsa ne, kuma kiran da likita ya yi maka gefe bai mayar da haƙƙin ya zama naka ba.

Dubi abin da ya faru da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da aka soke shi a shekara ta 23 bayan Hijira. Bukhari ya ruwaito cewa an ba shi madara ya sha, ta fito ta wurin raunin, sai aka gane ba zai tashi ba, aka ce masa ya yi wasiyya. Gwaji ne na wancan zamani, kuma ba a rufe masa sakamakonsa ba. Da wannan sani ne ya sa ɗansa Abdullahi ya lissafa bashin da ke kansa, ya aika neman izinin Nana A'isha a binne shi kusa da abokansa biyu, wato Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Abubakar, ya bar al'amarin halifanci a hannun mutum shida. Da an lallaɓa shi da cewa rauni ne kaɗan, da duk wannan ya kuɓuce.

Ciwon ƙwaƙwalwa kuma yana da wani abu da ya sa jinkiri ya fi muni a cikinsa. A mafi yawan mutane cibiyar magana tana ɓangaren hagu, kuma ka ce harshen mahaifinku ya riga ya fara sarƙewa. Ƙarin yana iya girma, tiyatar ita ma tana iya taɓa magana ko fahimta, na ɗan lokaci ko na dindindin. Saboda haka kwanakin da yake da cikakken bakinsa da hankalinsa suna da tsada, kuma a cikinsu ne zai faɗi wanda yake binsa bashi da wanda yake bi, ya mayar da ajiyar mutane, ya nemi yafiya. Hadisin Ibnu Umar da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna bai dace Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba face wasiyyarsa tana rubuce. Idan kuka ɓoye har bakinsa ya rufe, haƙƙoƙin mutane da suka salwanta kuna da kamasho a cikinsu.

Wajabcin faɗa ba ya nufin a yi masa yankan ƙauna. Hoto yana nuna wurin ƙari da girmansa, amma gwajin naman da aka ɗebo ne yake tabbatar da irinsa, kuma da yawa daga cikin ƙarin da ke fitowa a cikin kai ba ciwon daji ba ne. Kada wani ya ce masa daji ne, kada kuma a ce masa babu komai, domin duka biyun faɗin abin da ba a sani ba ne. Ku nemi likitan ya zauna da shi ba cikin gaggawa ba, ya fara tambayarsa abin da ya fahimta game da ciwonsa, ya nuna masa hoton, ya bayyana amfanin tiyata da haɗarinta da abin da zai biyo baya idan an bari, da harshen da yake ji. Kai kuma ka zauna kusa da shi, ka riƙe hannunsa, ka yi masa addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa majinyaci: babu komai, tsarkakewa ce in Allah ya so.

Akwai sassauci a wurare biyu. Idan likita ya ga faɗin komai a zama ɗaya zai cutar da shi, ya halatta a rarraba bayanin a hankali, muddin ya kammala kafin sa hannu. Idan kuma shi da kansa ya ce ba ya son jin bayani, ya wakilta ɗayanku, to ya sauke haƙƙinsa. Amma mahaifinku tambaya yake yi kullum, don haka na biyun bai shafe shi ba. In ciwon ya kai ga gusar da hankalinsa, likita ya tabbatar, sannan izini ya koma ga waliyyinsa, ya zaɓa masa abin da ya fi maslaha. Wallahu a'alam.