Amsoshin Tambayoyinku: Tafiyar Gaggawa Tsakanin Manyan Birane Makusanta

Tambaya: An sanar da ni da yammacin yau cewa gobe da ƙarfe 10 na safe zan wakilci kamfaninmu a wani taro, a birnin da ke da nisan kilomita 450 daga namu. Jirgin sama awa 1 yake yi, jirgin ƙasa awa 3. Ai na sama ya fi, ko?

Amsa: Malam, awa 1 ɗin nan da ka gani a tikiti zaman cikin jirgi ne kawai. Abin da ya dame ka shi ne lokacin da za ka fita daga ƙofar gidanka zuwa lokacin da za ka zauna a ɗakin taro, don haka ɗauko biro mu lissafa. Filayen jiragen sama galibi a bayan gari ake gina su. A ce minti 45 kafin ka isa. Sai ka ƙara minti 75 na tantance fasinja da binciken tsaro da jiran a kira ku, domin yawancin kamfanoni suna rufe karɓar kaya minti 45 zuwa 60 kafin tashi, su rufe ƙofar shiga jirgi saura minti 15 zuwa 20. Ga awa 1 a sama. Ga minti 25 na sauka da fitowa. Ga wani minti 45 na shiga gari. Jimilla awa 4 da minti 10 ke nan, in komai ya tafi daidai.

Tashar jirgin ƙasa kuwa a tsakiyar gari take a mafi yawan birane. Minti 20 ka isa, minti 15 ka nemi taragonka, awa 3 a hanya, minti 20 zuwa wurin taro: awa 4 ba minti 5. Kusan kunnen doki, amma da bambanci babba. Awa 4 ɗin jirgin sama a gutsuttsure take, layi nan, cire ɗamara can, a ce ka naɗe teburinka za a sauka. Ta jirgin ƙasa awa 3 ce cur kana zaune da kwamfutarka, wayarka tana aiki, ka gama nazarin takardun taron kafin ka sauka. Waɗannan alƙaluma misali ne, ka sa na garinku a gurbinsu, amma kada ka tsallake ko ɗaya.

Ƙa'idar da masu harkar sufuri suka daɗe suna aiki da ita ita ce: in tafiyar jirgin ƙasa ba ta wuce awa 3 ba, shi ne gaba, in ta haura awa 4 da rabi, jirgin sama ya fara ƙwace ragamar. Shi ya sa tsakanin Landan da Faris, inda jirgin ƙasa na Eurostar ke yin kamar awa 2 da kwata, ko Tokyo da Osaka, ko Madrid da Basalona, inda ake yin kamar awa 2 da rabi, ɗimbin 'yan kasuwa suka koma jirgin ƙasa. Jirgin Haramain da aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina, mai tsawon kusan kilomita 450, shi ma a wannan sahun yake. Faransa har doka ta kafa, wadda ta fara aiki a 2023, ta hana wasu jiragen cikin gida zirga-zirga inda jirgin ƙasa ke kaiwa cikin ƙasa da awa 2 da rabi.

Sai dai duk wannan magana ce ta jirgin ƙasa mai kiyaye lokaci, mai tashi akai-akai. Wanda ke tashi sau biyu a yini a kan layin dogo guda, inda dole ɗaya ya tsaya ɗaya ya wuce, wani abu ne daban. Kafin ka biya kuɗin kowanne, ka tambayi kanka: in wannan ya ƙi tashi, wanne ne na gaba, kuma zai kai ni kafin ƙarfe 10? In amsar ita ce babu, to shawararmu ka tafi yau da daddare ka kwana a can. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai asarar kwangila ba. In kuwa dole sai da safe, ɗauki jirgin sama na farko. Shi ne wanda ya kwana a filin, bai gaji jinkirin wani zangon ba, alhali na yamma ya tattaro duk makarar yinin. Abin da ke kayar da jirgin asuba shi ne hazo, saboda haka ka duba hasashen yanayi na biranen biyu kafin ka kwanta.

Tambaya: Wani abokin aikina ya ce in jira sai saura 'yan awanni a tashi kafin in sayi tikitin jirgin sama, wai kamfanoni suna karya farashi don kada kujera ta tafi ba kowa. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, kada ki jira. Yana iya faruwa jefi-jefi, amma ba a kan hanyoyin 'yan kasuwa ba. Kujerun jirgi ɗaya an kasa su aji-aji na farashi, kowane aji da harafinsa a cikin na'urar kamfanin, ko da kujerun iri ɗaya ne sak. Masu araha su ake fara sayarwa, da yawansu kuma da sharaɗin a saya kwana 7 ko 14 ko 21 kafin tafiya. Da wa'adin ya wuce sai ajin ya rufe, ko da rabin jirgin wayam ne. Kamfanin ya san mai sayen tikiti ana gobe tafiya ba yawon buɗe ido zai je ba, tafiyar dole ce, kuma sau da yawa ofis ne zai biya. Gara masa kujeru goma su tafi ba kowa da ya koya wa irinki jira.

Ga inda za ki iya rage kuɗin. Jiragen safe da na bayan tashi daga aiki su ne masu tsada, na tsakar rana da na dare sun fi sauƙi. In birnin yana da filin jirgi fiye da ɗaya, duba duka, amma ki haɗa da kuɗin mota da lokacin shiga gari. Ki gwada tafiya da kamfani ɗaya, dawowa da wani. In kina da makin da kamfanoni ke tara wa fasinjojinsu, irin wannan rana ce ya fi amfani. In ku biyu ko uku ne, fara neman kujera ɗaya tukuna: idan saura kujera ɗaya a ajin mai araha kika nemi uku, na'urar za ta ɗora ku duka a ajin sama, alhali kina iya sayen ta farko da araha, sauran daban.

Tafiyar da ta rage ƙasa da awa 24, ki saya kai-tsaye daga kamfanin jirgin. Wasu shafukan dillalai sukan karɓi kuɗi su aiko da lambar ajiye kujera mai haruffa 6, tikitin kansa kuwa sai bayan awanni. A manyan kamfanoni, shaidar cewa an yanka miki tikiti ita ce lambar tikiti mai alƙaluma 13. In ba ki gan ta ba, kira su kafin ki bar gida. Kuma ki duba sunanki harafi-harafi ya dace da na katin shaidarki kafin ki danna biya. Ko a Amurka, dokar da ta ba da damar fasa tikiti kyauta cikin awa 24 ta shafi wanda aka saya saura mako guda ko fiye ne, ba irin naki ba.

Tambaya: Na san lokacin da taron zai fara, ban san lokacin tashi ba. Wane irin tikitin dawowa zan saya?

Amsa: Nan ne araha ba ta ado. Tikiti iri uku ne a taƙaice: wanda ba a canzawa ba a mayar da kuɗi, wanda ake canzawa da tara, da wanda ake canzawa ko a fasa kyauta. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ko an ce canji kyauta ne, za ka biya bambancin farashi in jirgin da kake so ya fi naka tsada, kuma a ranar tafiya kusan kullum ya fi. Karanta wannan layin a cikin sharuɗɗa kafin ka saya.

Dabarar ita ce ka raba: tafiya, wadda ka san lokacinta, ɗauki mai araha, dawowa ɗauki mai sassauci. Ka sa dawowar a jirgin da ya fi hasashenka jinkiri da awa 2, domin matsowa gaba in an tashi da wuri ya fi sauƙi a kan roƙon kujera bayan ka makara. Amma kada ka zaɓi jirgin ƙarshe na dare, wanda in an soke shi sai kwana.

Hattara da abu ɗaya. In tafiya da dawowa a tikiti ɗaya suke, ka rasa jirgin tafiya ka hau mota ka je, yawancin kamfanoni za su soke dawowar da kansu ba tare da sun gaya maka ba. Da ka ga ba za ka samu jirgin ba, kira su kafin ya tashi su gyara. A jirgin ƙasa lamarin ya fi sauƙi a inda ake da taragon da ba a keɓe wa kowa kujera ba, kamar a yawancin jiragen Shinkansen na Japan: ka zo, ka hau wanda ya samu.

Tambaya: Mu uku ne, tafiyar kilomita 300, ba jirgin ƙasa mai kyau. Mu ɗauki hayar mota mu tuƙa?

Amsa: Ga mutum uku a wannan nisan, mota ce ta fi dacewa, ko ta fuskar kuɗi ko ta lokaci, muddin hanyar tana da kyau da aminci. Ku yi lissafi da kilomita 70 zuwa 80 a awa, ba abin da allon gefen titi ya halatta ba, domin cunkoson fita gari da na shiga su ke cin lokaci. Awa 4 ke nan, da hutun minti 15 bayan kowace awa 2.

A wurin masu ba da haya ku tambayi abu biyar: kuɗin ajiye mota a wani gari in ba da ita za ku dawo ba, wanda yakan yi nauyi, kuɗin jingina, da irin katin banki da suke karɓa, don wasu ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum, iyakar kilomita a yini, da lokacin rufe ofis. Duk wanda zai taɓa sitiyari a rubuta sunansa a takardar haya, in ba haka ba inshora ba za ta biya ba in an yi hatsari. Ku ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare da ma'aunin mai kafin ku tayar.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ɗaya ya tuƙa awa 4 da asuba, ya yini a taro, ya sake tuƙa awa 4 da daddare. Ko ku yi karɓa-karɓa, ko ku ɗauki mota da direba wanda zai huta kuna taro, ko ku kwana.

Tambaya: Me zan ɗauka a tafiyar yini ɗaya?

Amsa: Jakar hannu kawai. Kayan da aka ba da awo suna ƙara minti 20 zuwa 30 a wurin sauka, kuma suna ɗaure ka da jirgi ɗaya, ba za ka iya sauya sheƙa cikin sauƙi ba. Turare da man shafawa kada kwalba ta wuce mililita 100, domin har yanzu haka dokar take a filaye da yawa. Batirin cajin waya a hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma kada ƙarfinsa da aka rubuta a jikinsa ya haura Wh 100, wato kamar mAh 27,000. Ka tantance kanka ta intanet da zarar an buɗe, domin in an sayar da tikiti fiye da kujeru, na ƙarshen tantancewa sukan fi shiga haɗarin a bar su. In biranen suna ƙasashe biyu, kusanci ba ya ɗauke fasfo da biza, ko a jirgin ƙasa ne.

Tambaya: Ina filin jirgi aka ce an soke tashinmu, taro saura awa 5. Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, shiga layin teburin kamfanin, amma kina tsaye ki buɗe manhajarsu ki kuma kira lambarsu. Kujerun jirgi na gaba 'yan kaɗan ne, fasinjoji sama da ɗari ke nemansu, wanda ya riga ya samu. Kada ki je teburin da tambaya, ki je da buƙata: jirgi kaza na ƙarfe kaza, ko na wani kamfanin da suke hulɗa da shi. Ki ba su minti 20. In ba a samu abin da zai kai ki kan lokaci ba, nemi a mayar miki da kuɗin zangon, ki tabbatar an bar miki dawowarki a raye, sannan ki nufi tashar jirgin ƙasa ko ta mota. Ki sanar da masu taron tun yanzu, ba sai lokaci ya ƙure ba, ki nemi a matsar da jawabinki ƙarshe ko a haɗa ki ta bidiyo.

Kafin ki bar filin, karɓi shaidar sokewar a rubuce ko ta imel, ki adana kowane rasit. A Tarayyar Turai, tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba ana biyan diyyar Yuro 250 in an soke ta kwatsam ko an isa da jinkirin awa 3 ko fiye, sai dai in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin, kamar mummunan yanayi. Kowace ƙasa da tata dokar, kuma kamfanoni ba kasafai suke biya ba sai fasinja ya cike takardar nema da kansa.