Likita Ya Amsa: Motsa Jiki a Kan Sandar Ƙarfe da Lilon Ƙyalle

Tambayoyin wannan makon sun shafi wasannin da ake rataye jiki a sama: hawan sandar ƙarfe da ake kira fol dans, da lilo a kan ƙyalle mai tsawo ko zoben ƙarfe. Hawan sanda tsohon wasa ne, domin mutanen Indiya sun daɗe suna yin irinsa mai suna mallakam a kan turken katako, kuma tun 2009 aka kafa ƙungiyar duniya mai shirya gasar hawan sandar. Mata da yawa suna yin sa ne a ajin mata zalla don ƙarfafa jiki.

Tambaya: Likita, sati uku ke nan da fara hawan sanda, amma cinyoyina da ƙwaurina duk sun yi tabon kwanciyar jini. Ko in daina? Daga wata ɗaliba a Manchesta.

Amsa: 'Yata, ba sai kin daina ba. Fata ce ke riƙe ki a jikin ƙarfen, matsin kuma yana fasa ƙananan hanyoyin jini da ke ƙarƙashinta. Tabon yakan baje cikin sati biyu, kuma yana raguwa yayin da kika iya ɗora ƙafa a hankali maimakon buga ta. Ki naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora minti 15 a ranar farko. Amma idan tabo na fitowa inda sanda ba ta taɓa ba, ko kina haɓo, ko dasashinki na zubar da jini, ko kina shan maganin tsinka jini irin asfirin ko wafarin, to a yi miki gwajin jini kafin ki koma.

Tambaya: Kafaɗata ta dama tana ciwo duk sanda na ɗaga hannu, har da dare idan na kwanta a kanta. Wata huɗu ina lilon ƙyalle, sau huɗu a mako. Daga wata ma'aikaciya a Abuja.

Amsa: Malama, wannan tambayar ta fi damuna, domin kafaɗa tana sahun gaba a gaɓoɓin da masu wannan wasa ke ji wa rauni. Gurbin kafaɗa ba shi da zurfi kamar na ƙugu. Ƙananan tsokoki huɗu da jijiyoyinsu ne ke riƙe kan ƙashin dantse a mazauninsa. Idan kika saki jiki gaba ɗaya kina reto, ba tare da tsokokin allon kafaɗa sun ɗauki nasu kason ba, nauyinki duka yana sauka a kan waɗannan jijiyoyi. Ga kuma wani tarko: tsoka na ƙara ƙarfi cikin makonni, jijiya kuwa sai ta ɗauki watanni. Shi ya sa a wata na uku ko na huɗu mutum yake jin ya iya, alhali jijiyarsa ba ta kai nan ba.

Sau huɗu a mako ya yi yawa ga sabuwar shiga. Ki dakatar da duk wani rataye na sati biyu, amma kada ki ɗaure hannun ki hana shi motsi, kafaɗar za ta sage. Ciwon da ke tayar da mutum daga barci yana buƙatar likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi na asibiti ya duba. Idan ba kya iya ɗaga hannun sam, ko yatsu na mutuwa, ko kina jin kamar kafaɗar za ta goce, kada ki jira sati biyun.

In an sallame ki, ki koma sau biyu a mako da tazarar kwana biyu a tsakani. Ki ɗumama jiki minti 10 zuwa 15 kafin ki taɓa ƙyallen. Ki samu robar motsa jiki, ki manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ki ja robar zuwa waje sau 15, zagaye uku, kowane hannu. Duk salon da kika koya da dama ki yi shi da hagu. Kuma kada ki sha maganin kashe zafi don ki samu shiga aji, ciwon ne ke gaya miki inda za ki tsaya.

Tambaya: Uwargidana na son yin lilon a gida. Zan iya ɗaura ƙyallen a ƙugiyar fanka? Daga wani magidanci a Kaduna.

Amsa: A'a, Alhaji, ko kusa. An yi ƙugiyar nan don fanka mai 'yan kilo kaɗan. Idan mai kilo 60 ta sulmiyo ƙyallen ya tare ta, ƙarfin fizgar zai iya ninka nauyinta sau uku ko fiye, don haka masu haɗa kayan wasan ke neman maratayin da zai ɗauki kusan kilo 900. Injiniyan gini ne zai tabbatar da haka, ba kafinta ba. Ita ma sandar da ake tokarewa tsakanin daɓe da rufi tana buƙatar rufin kankare ko ƙaƙƙarfan bim, wato ginshiƙin kwance da ke riƙe rufi. Silin na POP ko na roba zai burme. A shimfiɗa katifar wasa mai kauri, aƙalla santimita 20 a ƙarƙashin ƙyalle, kuma kada ta hau ita kaɗai a gida. Idan wani ya faɗo a kan kai ko wuya, kada a ɗaga shi ko a miƙar masa da wuya. Amai, ruɗewa ko mutuwar hannu da ƙafa na nufin asibiti nan take.

Tambaya: Hannuna na santsi a kan sandar, kuma inda ta taɓa ni yana ƙaiƙayi.

Amsa: Santsin yawanci daga man shafawa ne ko gumi. Ranar aji kada ki shafa basilin ko wani mai, ko da hunturu ne; ki shafa da dare bayan kin gama. Ki goge sandar da sifirit. Idan hannunki ƙarami ne, mai kaurin milimita 40 za ta fi miki mai 45 daɗin riƙo. Ƙaiƙayi da ƙuraje kuwa na iya zama jikinki ne ba ya shiri da sinadarin nikel da ke cikin rufin wasu sanduna, musamman idan 'yan kunnen gwanjo ma na sa miki ƙaiƙayi. Ki nemi sandar tagulla ko mai rufin fenti.

Tambaya: Ina da hawan jini, kuma wata biyu da haihuwata ta hanyar tiyata. Yaushe zan fara juya kai ƙasa? Daga wata uwa a Akara.

Amsa: Hajiya, barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Da sauranki. Bayan tiyata a ba ciki aƙalla sati 12, sannan a duba ko tsokokin gaban ciki sun haɗe, kuma fitsari ba ya kuɓuce miki idan kin yi tari. Yanzu tafiya da atisayen matse tsokokin mara sun ishe ki. Juya kai ƙasa yana tura jini zuwa kai, matsin cikin ido kuma yakan kusa ninkawa. Saboda haka sai awonki ya zauna ƙasa da 140 bisa 90, likitanki ya amince, an kuma auna matsin idonki, musamman idan akwai mai gilakoma, wato ciwon hawan jinin ido, a danginku. Ko an yarje miki, ki fara da salon da kai ke sama, ƙafa kusa da ƙasa, na tsawon wata biyu zuwa uku tukuna.