Amsa ga Yaya kan tafiya da yara Malesiya

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa na wannan zaure. Yaya, na saurari saƙonki inda kika ce maigida ya samu gurbin karatun digiri na uku a Malesiya, amma hankalinki bai kwanta da tafiya da yara ba, domin kina tsoron kada zama cikin mabiya wasu addinai ya taɓa musu aƙida. Tunda a can na yi ƙuruciyata, lokacin da Baba yake karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Gombak, a gefen Kuala Lumpur, bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Ƙasar ta Musulmi ce a mafi rinjaye. Ƙidayar 2020 ta nuna Musulmi sun kai kashi 63.5 cikin 100, mabiya addinin Buddha kusan kashi 19, sai Kiristoci da 'yan Hindu. Saboda haka yaranki za su ji kiran salla sau biyar, za su kuma wuce ta ƙofar gidan maƙwabci ɗan asalin Sin su tarar da turare yana hayaƙi a gaban wani ɗan jan akwati da ya keɓe domin bauta. Kusa da Gombak ɗin akwai kogunan Batu, wurin ibadar 'yan Hindu mai matakala 272, inda ake bikin Thaipusam a watan Janairu ko Fabrairu, masu ibada suna hawa da tulunan madara a ka, wasunsu sun huda kumatu da harshe da tsinken ƙarfe. Na tsorata da na fara gani, na tambayi Mama, ta ce mini addininsu ke nan, mu namu daban ne, kuma ba a nuna su da yatsa, ba a yi musu dariya. Amsar ta ishe ni, domin yaro yana gane abin da ba nasa ba ne idan bambancin a fili yake.

Abin da ya rikita mu da gaske a cikin masallaci ya same mu. Malayawa mabiya mazhabar Shafi'iyya ne: limaminsu yana bayyana bisimillah a Fatiha, yana yin ƙunutin asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, jama'a sun ɗaga hannu suna cewa amin, alhali mu mabiya Malikiyya a gida an koya mana a yi shi a ɓoye kafin ruku'u. Wata rana wani yaro ya ce wa yayana sallarsa ba ta yi ba saboda ya saki hannu, ya dawo gida ransa a ɓace yana tambayar ko mu ne ba mu iya salla ba. Baba ya zaunar da mu ya yi mana bayanin cewa Imam Shafi'i kansa ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina, kuma saɓaninsu a kan rassa yake, bai taɓa tushen addini ba. A ganina, Yaya, wannan zaman shi ne ya kamata ku yi da yara tun kafin ku hau jirgi, kada su fara jin maganar daga bakin ɗan ajinsu.

Ta fuskar zamantakewa kuwa, mun ƙaru. A lokacin ƙaramar salla, wadda suke kira Hari Raya, ana buɗe gida ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba ya shigo ya ci, yara kuma su karɓi goron salla a cikin koriyar ambulan, kamar yadda 'yan Sin suke bayar da nasu a cikin ja idan sabuwar shekararsu ta zo.

Sai dai akwai asarar da ban ji kin ambata ba, ita ce ta harshe. Cikin ɗan lokaci Malayanci da Turanci suka cinye mana baki, iyayenmu kuma suna murna muna koyo, ba wanda ya lura Hausarmu tana zubewa. Da muka dawo Kano aka kai mu gaida kakarmu, maimakon in durƙusa sai na kama hannunta na kai goshina kamar yadda yaran can suke gaida manya, ta yi mini tambayoyi na kasa haɗa amsa, 'yan uwa suka daɗe suna tsokanata da baƙuwa. Sallata ba ta samu matsala ba, amma na sha wahala kafin in iya zama in yi hira da ita yadda ya kamata.

Don haka ki tafi da su, amma ku sa doka cewa Hausa ake yi a cikin gida, kuma a riƙa haɗa su da kakanninsu a waya suna gaisawa da bakinsu. Ki koya musu duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, kafin su sayi abin ci a waje. Ki kuma ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa a kayanki, domin shinkafa ce abincin can safe da yamma. Allah ya kai ku lafiya, ya ba maigida sa'ar karatu.