Yadda ɗanka makaho zai karanta taswira da zanen lissafi

Malam, tambayarka daga Agege ita ce: yaron ya iya rubutun makafi na Braille, amma da an zo kan taswira ko zanen lissafi sai ya tsaya.

Ka fara da hannu. Akwai wata takarda ta musamman da ake buga zanen a kanta da baƙar tawada, a bi da ita ta na'urar zafi, sai duk inda baƙi yake ya kumbura. Kafin ka same ta, kwali da zare da gam sun wadatar: zare mai kauri ya zama Kogin Neja, yashi da aka manna ya zama hamada.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa komai a zane ɗaya. Ido yana ɗaukar hoto gaba ɗaya, yatsa kuwa kaɗan-kaɗan yake bi, yaro ya harhaɗa surar a ƙwaƙwalwarsa. Layuka biyu da suka matsu, ɗaya zai ji su. Saboda haka a rage ado, a bar fili, jihohi daban, koguna daban, kuma a gaya masa abin da zai taɓa kafin ya ɗora hannu.

Ta ɓangaren sauti, manhajar Desmos tana mayar da layin lissafi ƙara: layi ya hau, ƙarar ta ƙara sirancewa. A ganina ta fi dacewa da ɗan sakandare.

Koyar da yatsa karanta zane aikin ƙwararru ne. Ka tuntuɓi malaman makarantar makafi ta Pacelli da ke Surulere a Legas, ko cibiyar koyar da makafi sana'a ta Oshodi.