Tambayoyinku: Ko Rubutu Kaɗai Zai Iya Riƙe Ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, ina rubuta littattafai ina sakewa a WhatsApp. Na gama guda huɗu, kowanne yakan ci mini kamar wata huɗu. Biyun farko kyauta na saki don a san ni. Na uku da na huɗu na kuɗi ne, naira 500 ga mai son shiga zauren. A na uku mutum wajen 300 suka biya. Na huɗu kuwa ko rabin haka ban samu ba, don tun ban kai tsakiya ba wata ta kwashe shafukan ta watsa a wasu zaurukan. Yanzu wani mai tashar YouTube ya ce zai ba ni naira dubu 150 in bar masa littattafan huɗu gaba ɗaya, ya yi yadda ya ga dama da su. Ni kuma koyarwar ta ishe ni, ina so in ajiye in rungumi rubutu kawai. Me kika gani?

Ƙanwarki daga Gusau

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Abu biyu kika tambaya, kuma duka biyun a'a zan ce miki. Kada ki ajiye alli, kada kuma ki bar wa mutumin nan littattafanki a kan wannan sharaɗin.

Mu fara da lissafin da kika kawo da kanki. Mutum 300 sau naira 500, dubu 150 ke nan. Ki raba su a wata huɗun da kika yi kina tayifin, kowane wata ya tashi dubu 37 da ɗari biyar, ba a cire kuɗin data da na cajin waya ba. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta tsayar a 2024 dubu 70 ne. Wannan fa littafinki da ya fi kowanne kasuwa. Kin kuma lura kuɗin da mai tashar zai ba ki a kan littafi huɗu su ne daidai abin da littafi ɗaya ya kawo miki? Shi ya yi nasa lissafin kafin ya kira ki.

Ba kuma yau aka fara ba. Waɗanda suka ci gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, akasarinsu malaman makaranta ne irinki. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina a lokacin, daga 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, albashinsa yake ɗauka. Abubakar Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauci. Malam Bello Kagara ya yi koyarwa, daga baya ya yi alƙalanci. Mu da muka shigo a zamanin adabin kasuwar Kano, lokacin da littafi ke ƙarewa a shago kafin tawadar bangonsa ta gama bushewa, in kin duba waɗanda suka daɗe a cikinmu za ki tarar kowa da abin da ya dafa: wannan shagon littattafai, wancan maɗaba'a, waccan aikin gwamnati, wasu jarida, wasu suka gangara harkar fim. Albashin nan da kike rainawa shi ne yake ba ki bakin cewa a'a idan an taya miki aikinki da araha. Marubuciyar da kuɗin haya ya taso mata gaba, ko nawa aka miƙo karɓa take yi.

To, ga inda nake so ki nutsu, don nan ne marubuta da yawa suka yi asarar da ba ta mayuwa.

A da, idan ka buga littafi da kuɗinka, sai ka ɗaure shi ɗauri-ɗauri ka kai wa 'yan kasuwa a Sabon Gari. Ba a biyanka nan take. Mai shago zai jawo wani dogon littafin lissafi da gefensa ya yi baƙi don shafa, ya rubuta sunanka da adadin kwafi, ya ce ka leƙo mako mai zuwa. Ka leƙo, ya ƙirgo maka abin da ko kuɗin takarda bai kai ba, ya ce kasuwa ta yi sanyi. Da mutane suka gaji da wannan zirga-zirga, sai wata hanya ta ɓullo: ka sayar wa ɗan kasuwa rubutun ɗungurungum, ya ba ka kuɗinka a dunƙule, shi ya buga. A ranar daɗi ne. Na san wata baiwar Allah da ta sayar da nata haka saboda hidimar bikin 'yarta ta matso. Kuɗin suka tafi a kayan ɗaki. Littafin kuwa ya karɓu, aka yi ta maimaita bugunsa shekara da shekaru, tana wucewa ta gan shi jere a kan tebur da sunanta a bango, ko sisi ba ta da shi a ciki. In tana son kwafin da za ta ba baƙo, saya take yi. Abin da mai tasharki yake nema ke nan, waya ce kawai ta maye gurbin shago.

Haƙƙin mallakar littafi kamar gona yake. Kina iya ba da hayarta damina ɗaya ko biyu, a noma a ba ki naki, gonar tana nan taki. In kika sayar kuwa, ke da ita sai kallo. Kuma littafi ɗaya ba hanyar kuɗi ɗaya gare shi ba. Akwai bugawa a takarda, akwai sayarwa a waya, akwai karantawa da murya a YouTube, akwai karantawa a gidan rediyo, akwai mayar da shi fim ko shiri mai dogon zango, akwai fassara. Kowanne cinikinsa daban. Kalmar nan da ya faɗa, "ya yi yadda ya ga dama", ta haɗiye su duka. Gobe wani furodusa ya ji labarin a tasharsa ya so shi, wurinsa zai je, ba wurinki ba.

Doka tana bayanki, in kin san ta. A ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, littafi naki ne tun daga lokacin da kika rubuta shi, ko ba ki yi masa rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Wato gado ne, 'ya'ya da jikoki suna da rabo. Dokar ta kuma ce sallama haƙƙi ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Saboda haka ki yi hattara da abin da kike amsawa ko da a saƙon waya ne.

Ban ce ki kore shi ba. Masu tashoshin nan suna kai labari kunnen matan da ba su da lokacin zama su karanta, suna girki suna saurare, kuma wannan kasuwa ce ta gaske. Ki ce masa kin yarda da murya kawai, a tasharsa kawai, littafi ɗaya tukuna, na shekara ɗaya ko biyu. A rubuta a takarda, da Hausa ma ya wadatar: sunan littafin, abin da kika ba shi izini a kai, ranar farawa da ranar ƙarewa, nawa zai biya kuma yaushe, sunanki zai fito a kowane kashi, ba zai canja labarin ko sunansa ba. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafi. In akwai yayanki ko maigidanki a wurin ya fi, domin akwai masu ganin mace ita kaɗai su ɗauka an gama ciniki. In ya ce shi ba ya son dogon turanci, amana ta isa, to kin ji amsarki.

Batun wadda ta fitar miki da littafi kuwa, ba zan yaudare ki ba, babu maganin da zai hana shi ɗungum. Tun zamanin takarda muna fama: kwafi ɗaya a ba da hayarsa ya zaga unguwa, ko a wayi gari a ga bugun da ba kai ka yi ba. Abin da na ga yana rage ɓarnar shi ne ki gama littafin kaf kafin ki fara saki, sannan ki sake shi cikin 'yan makonni. Wata huɗu kina ɗigo shafi ɗaya-ɗaya, kin ba ɓarauniya lokaci, kin kuma gajiyar da wadda ta biya. Allah ya isa da ake cika shafin farko da ita ba ta taɓa hana kowa turawa ba, sai dai ta ɓata wa mai karatun kirki rai. Wanda ya ɗora miki littafi a YouTube ba izini, akwai fom na ƙorafin haƙƙin mallaka a can, ki cike, suna saukewa. Manhajojin sayar da littafi suna taimakawa don ba a kwafar rubutu a cikinsu da sauƙi, amma kada ki mayar da kowace manhaja rumbunki. Manhajar OkadaBooks da marubutanmu da yawa suka dogara da ita ta rufe a ƙarshen 2023. Ki ajiye cikakken kwafin kowane littafi a imel ɗinki, ki kuma riƙe lambobin mutum 300 ɗin nan da suka taɓa cire kuɗi suka ba ki, ki riƙa sanar da su kafin kowa. Sun fi mabiya dubu goma masu jiran na banza.

Abu na ƙarshe, tunda malama ce ke: na karanta littattafan waya da dama da labarinsu ya yi daɗi amma rubutun ya hana ni kaiwa ƙarshe, an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, babu ƙugiya a ƙ da ɗ da ɓ, rabin jimla Ingilishi. Ki samu mai ido ya duba miki kafin ki saki, ko da biyansa za ki yi. Gidan rediyo ko kamfanin ɗab'i ba sa waiwayar rubutun da sai sun sake shi daga tushe.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Na rubuta littafina na farko, wani kamfani ya ce in kawo kuɗi masu yawa su buga mini kwafi 1,000, amma ni zan sayar da abina. Haka ake yi?

Wani ɗalibi daga Zariya

AMSA: Ɗana, wanda ka biya ya buga maka ya miƙo maka kayanka, aikin maɗaba'a ya yi maka, ko da wane suna ya kira kansa. Kamfanin wallafa na ainihi, irin tsarin da aka kafa kamfanin wallafa littattafai na Arewa, NNPC, a kansa nan garinku a 1966, shi ke zuba kuɗinsa, ya gyara, ya buga, ya rarraba, ya ba marubuci kasonsa daga ciniki. Irin waɗannan sun fi karkata ga littattafan da ke cikin manhajar makarantu da jarrabawa, don can ne ciniki yake da tabbas, shi ya sa sabon marubucin labari ba kasafai yake samun shiga ba. Biyan maɗaba'a ba aibi ba ne, haka akasarinmu muka fara. Amma kwafi 1,000 ya yi maka yawa. Takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da mafi yawanta, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗinta ya yi tashin da littafi ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Ka zaga maɗaba'u uku ka ji farashi, ka nemi masu injin da ke buga kaɗan, ka fara da 100 ko 200. In sun ƙare ka ƙara. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, kuma doka ta ce a kai musu kwafi uku na abin da aka buga. Ka tabbata ka karɓi fayil ɗin littafin da na bangon a hannunka ranar da ka biya, kada a riƙe maka su a ce sai dai ka dawo nan in za ka sake bugu.

TAMBAYA: Anti, shiga gasa yana da amfani, ko ɓata lokaci ne? Sau biyu ina shiga ban ci ba.

Wata 'yarki daga Maraɗi

AMSA: Ki ci gaba da shiga, 'yata. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, ta fito da sunayen da da ba a san su ba, kuma ko ba ki ci ba, ta tilasta miki kammala labari a cikin ƙayyadaddun kalmomi da ƙayyadadden lokaci, abin da masu rubutun waya da yawa ba su iya ba. Sai dai ki karanta sharuɗɗan kowace gasa har ƙasa kafin ki tura, ki ga wa zai mallaki labarin bayan an gama. Labaran nan biyu da ba su ci ba kuma kada ki yar da su. Ki gyara, ki ƙara wasu a kai, in sun kai goma kin samu littafin gajerun labarai.