Me zafi ke yi wa sawun yuraniyom a cikin afatayit?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin ilimin duwatsu ne a Samaru. Na karanta cewa zafi yana warkar da raunin da yuraniyom ke yi wa ma'adanin afatayit. Ta yaya? In kuma raunin ya warke, me ya rage a auna?

Amsa: Ɗalibina, tambayarka ta biyu ita ce ta fi faranta mini rai, amma bari mu fara da raunin kansa.

Afatayit ma'adani ne na kalsiyom da fosfet, dangin abin da aka gina haƙoranka da ƙashinka da shi. Ana samun ƙananan ƙwayoyinsa a cikin dutsen giranit, kuma yakan ɗauki yuraniyom kaɗan. Jefi-jefi ƙwayar zarra ta yuraniyom 238 takan tsage biyu da kanta. Ɓangarorin biyu su yi gaba da baya da ƙarfi, su hargitsa jerin ƙwayoyin zarra da ke kan hanyarsu, su bar sawu mai tsawon kusan maikiron 16, wanda bai kai kaurin gashi ba. Masana kimiyya biyu, Price da Walker, ne suka nuna a farkon shekarun 1960 cewa in an ɗan ci fuskar ma'adani da asid, sawun yakan buɗe har a gan shi da madubin ƙara girma.

Zafi yana ba ƙwayoyin da aka ture ƙarfin komawa mazauninsu. Sawun ba ya ɓacewa farat ɗaya. Daga bakinsa biyu yake haɗewa, yana gajarta, daga baya ya tsintsinke, sannan ya shafe. A nan ɗalibai suke yawan tuntuɓe, suna neman digiri guda su haddace. Zafi da lokaci tare suke aiki. Dubi ganda: ko a yi mata wuta mai ƙarfi, ko a bar ta ta kwana a kan garwashi, za ta nuna. A ɗakin gwaji, awa ɗaya a digiri 350 zuwa 400 na Salshiyos ta isa ta goge sawun. A ƙarƙashin ƙasa, inda ake da miliyoyin shekaru, digiri 110 zuwa 120 ya wadatar. Tsakanin 60 da 120 sawun gajarta yake yi kawai, ƙasa da 60 kuma kusan yana nan yadda yake.

To, me ya rage? Gajartar nan ita ce labarin. Yawan sawu yana gaya maka tsawon lokacin da suka ɗauka suna taruwa, tsayinsu kuma yana gaya maka zafin da dutsen ya sha. Dogaye masu kusan tsayi ɗaya na nufin dutsen ya huce da sauri. Gajeru gauraye da dogaye na nufin ya daɗe a ɗumi, ko an sake binne shi. Ka ɗauki dutsen Kufena da ke nan Zariya. Giranit irin nasa ya daskare wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, amma afatayit ɗinsa ba zai ba ka wannan adadin ba. Lokacin da zaizaya ta matso da shi sama har ya huce zai nuna maka. Masu neman man fetur suna son wannan awo, domin zafin da ke gajarta sawun kusan shi ne zafin da ke dafa mai a cikin dutse.

Kada ka ɗauka duk afatayit ɗaya ne. Mai yawan kulorin ya fi mai fulorin jure zafi, kuma sawun da ya bi tsawon ƙwayar ma'adanin ya fi wanda ya gitta ta daɗewa. Wanda bai lura da waɗannan biyun ba, zai ƙaga wa dutse tarihin da bai yi ba, abin da ke damuna ƙwarai.

Wajen ƙirga shekarun, ana harba wa samfurin nutiron, wato ƙananan ƙwayoyi marasa caji da ke cikin zarra, don a san yawan yuraniyom ɗinsa, irin nutiron da na'urar nukiliya ta Cibiyar Binciken Makamashi da ke nan Zariya take samarwa tun 2004. In ka zo yin naka, kada ka busar da samfurin a tanda mai zafi, kuma ka auna tsawon sawu kamar ɗari kafin ka yanke hukunci.