Amsar tambayarka kan fara, daga Daura

Wa alaikumus salam ɗana, saƙonka ya iso, kowa lafiya lau a gida. Ka ce wai da gaske ne a da in fara ta sauka ganga ake kaɗa mata ta tashi, kuma wace al'ada ya kamata ku riƙe tunda kun ji ana maganarta a rediyo. Na ji daɗin tambayar nan wallahi, don yaran yanzu sai abu ya sauka a gona sannan a fara neman dattijo.

Kiɗan gaskiya ne, an yi shi. Ganga, tsohuwar garwa, gwangwani, yara na ihu mata na kaɗa zane, a tara ɗanyen ganye a kunna don hayaƙi ya turnuƙe. To amma ka sani abin da kiɗan ke yi kawai ya tashe ta daga gonarka ta faɗa ta maƙwabcinka, in kuma farar dango ce ta gaske wadda ke rufe rana ko a jikinta. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce dandazon da ya rufe murabba'in kilomita ɗaya kan kai fara miliyan 40, abin da za su ci a yini ya kai na mutum 35,000, kuma takan yi tafiyar kilomita 150 a rana in iska ta taimake ta. Wace ganga ce za ta tare wannan?

Aikin da iyayenmu ke yi da gaske tun kafin ta yi fiffike ne. Uwar takan binne ƙwanta cikin rairayi mai laima, bayan kamar sati biyu 'ya'yan su fito, su yi wata guda ko fiye suna tsalle a ƙasa ba sa tashi. Nan ne ake cin ƙarfinta. Wanda ya fara gani, makiyayi ne ko mai itace, ba ya kwana da maganar, ya kai wa mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ga hakimi har ta isa fada. Sai sankira ya zaga gari a yi gayya, a fito da sassafe lokacin sanyi ya kama su ba su da kuzari, a haƙa dogon rami a gabansu, mutane su jeru da reshen ganye suna koro su a hankali a hankali har su zube ciki, a maida ƙasa a tattake. Ba a tambayar gonar wa ce, kowa ya san in an bar su sun yi fiffike ba wanda zai tsira.

Amma babbar al'adar, wadda nake so ka riƙe hannu bibbiyu, rumbu ne. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba ta 1914, sun ga yunwar 'Yar Buhu ta 1927, sannan a shekarun 1930 fara ta yi ta dawowa ƙasar Hausa, shi ya sa ba su taɓa yarda da cewa damina mai zuwa za ta yi kyau ba sai sun ga dami a ƙasa. Da kaka maigida zai fidda zakka, ya ware iri daban, ya zuba damman gero a babban rumbu ya liƙe bakin da laka, samari su tafi cin rani don a rage baki, ba mai taɓa rumbun nan sai ruwa ya sauka an shiga noma. Gidan da ya isa gida ma na bara yake ci na bana yana ajiye. Gero a zangarniyarsa yana daɗewa fiye da wanda aka sussuke aka ɗura a buhu, sun san wannan sarai. Yanzu kuwa hatsi na shigowa sai kasuwar Mai'aduwa, a sayi waya a sayi babur, wata na bakwai na takwas a koma ana awon tiya da tsada. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai.

Kuma kar ka ce labarin da ne. A 2004 farar dango ta ci amfanin gona a Nijar ga ƙarancin ruwa, a 2005 yunwa ta kama yankin Maraɗi da Damagaram, mun ga 'yan'uwanmu suna tsallako iyaka da yara a goye suna neman abin sa wa a baka. A 2020 kuma Kenya da Habasha da Somaliya farar ta yi wa ɓarna. Tana hayayyafa can wajen Azbin da Tamesna a arewacin Nijar in an yi ruwa sosai a hamada, tsakaninmu da ita iska ce kawai.

Addu'a da sadaka kam ba a barinsu, liman ya tara jama'a a roƙi Allah sauƙi, mata su yi gumba a raba wa yara, amma ana idarwa ake ɗaukar fartanya.

To ga abin da za ka faɗa wa 'yan'uwanka. Ku shuka gero mai saurin nuna da wuri, kar ku zuba komai a abu ɗaya, ku sa rogo da dankali a wani gefe, ko ta cinye ganyen abin da ke cikin ƙasa yana nan. Harawa da karan dawa a ɗaure a ɗora bisa, don fara in ta wuce har ciyawar dabbobi ba ta bari. Ku karɓi lambar malamin gona na KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina, kuna ganin 'ya'yan fara sun taru ku ɗauki hoto ku tura masa, mai unguwa ma ya sani a ranar.

Sai maganar ci, tunda na san ku da soyayyar fara da yaji. Halal ce, hadisi ya zo da ita tare da kifi. Amma duk inda aka yi feshi, da jirgi ne ko da famfon goyo, kar wanda ya tsinci ta wurin, kar a ba kaji, kar a kai kasuwa, guba ce a jikinta. Ka ja wa ƙannenka kunne sosai kan wannan, su ne masu yawon kamu da daddare da tocila. Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata in an yi girbi ina so in zo in ga bakin rumbunku da idona.